Sunan da Muka Raɗa wa Shafin Ƙuli-ƙulin Inna

Shekarun baya, lokacin da rashin tsaro ya yi tsanani a yankinmu, ina koyarwa a wata firamare cikin garin Batsari. Mahaifiyata kuwa tana ƙauyenmu, can gefen Ruma, dab da daji. Mun yi mun yi da ita ta dawo gari ta ƙi. Sai da maƙwabtanta suka kwashe kaf, sannan ta yarda ta hau bayan babur da ƙullin kayanta da kaskon suyarta, tana tafe tana waiwaye.

Inna ba ta iya zama ba. Mace ce da ta saba gari ya waye mata a tsaye. Ba ta daɗe da zuwa ba ta sa aka auno mata gyaɗa daga Karare, ta kama yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ba don uwata ce ba, ƙulinta daban ne: siriri, da citta da ɗan barkono, in ka gatsa sai na kusa da kai ya juyo. Matsalar ita ce duk macen da ta gudo daga ƙauye a lokacin, in ba ƙuli take yi ba, to awara ce ko dafaffen rogo. Masu sayarwa sun fi masu saye yawa. Ga tsadar rayuwa, mutum yana neman abin da zai sa a tukunya, ina ya ga ta ƙwalama? Haka ƙulin zai yini a faranti a ƙofar gida, a shigo da shi yadda aka fita da shi.

Wata rana na dawo daga makaranta na tarar da ita zaune ta zuba wa farantin ido. Ko sannu da zuwa ba ta yi mini ba ta ce, “Ni fa ban zo garin nan in zama kayan ɗaki ba. Da kaka ta wuce zan koma in gyara ɗakina.”

Na ce, “Haba Inna, wa ya rage a can?”

Ta ce, “Allah ya rage.”

Na san halinta. In ta faɗi magana da wannan muryar, ta gama shawara. Hankalina ya tashi ƙwarai, don na san abin da ke faruwa a hanyar nan.

Ana cikin haka abokina ya kawo mini ziyara. Tare muka yi kwalejin ilimi, shi sai ya bi harkar kwamfuta, yana aiki a sakatariyar ƙaramar hukumar Safana. Aka kawo masa ƙuli, ya ci, ya ƙara, har hira ta tsaya. Can ya ɗago ya ce, “Malam, kun san abin da kuke da shi kuwa? Wannan a Abuja ko Kaduna rububinsa za a yi. Mu buɗe wa Inna shafi a intanet mana. Ni zan gina, kai dai ka nemo suna.”

Jama'a, ranar ban ƙara jin ƙasa a ƙafata ba. Kafin ya hau babur ɗinsa na riga na ga manyan motoci a ƙofar gidanmu ana lodi. Na ga Inna a kujera mai juyawa tana ba da umarni. Washegari a aji ina koyar da lissafi, amma rabin kaina yana can yana ƙera sunaye.

Ranar Asabar da hantsi na nufi Safana. Na same shi a zauren gidan da yake haya, ya baje kwamfutarsa a kan tabarma. Kafin in buɗe baki ya yi mini karatu. Ya ce adireshin shafi, wanda su suke kira domen, kamar allon da ake kafawa a ƙofar shago ne, sai dai wannan in ka kafa ba a cika sauyawa ba. Ya zama gajere. Ya zama wanda in ka faɗa wa mutum a waya zai iya rubutawa ba sai ya ce maimaita ba. In da hali kuma, ya ƙunshi kalmar da mutane suke bugawa a injin bincike in suna neman irin kayanka.

Na ce duk na san wannan. Na gyara zama na karanto masa sunan da na fi ji da shi, wani na Turanci mai tsawo kamar jirgin ƙasa, akwai duniya a ciki, akwai kamfani, akwai 'ya'ya da jikoki. Ya saurara har na kai aya. Sai ya turo mini kwamfutar ya ce, “Bismilla, rubuta shi.”

Na rubuta. Ni malamin makaranta, ni na ƙirƙiro sunan, amma sai da na ci harafi a tsakiya. Ya yi dariya har ya kwanta.

Na ce to, mu koma Hausa. Me ya fi dacewa da soyayyar gyaɗa irin garɗi? A sa Garɗin Gyaɗa. Ya ce suna ya yi daɗi, amma akwai cikas: haruffanmu masu lanƙwasa ba sa zama lafiya a adireshi, kuma mutane ba su damu da buga su a waya ba. Dole lanƙwasar ta faɗi. Ya ce bari mu ga abin da zai fito. Ya buga kalmar ba lanƙwasa, sai ga hotunan gardawa, wani ya rataya maciji a wuya, wani yana jan kura da sarƙa.

Ya ce, “Ga abokan kasuwancin Inna nan.”

Muka yi ta dariya har mai gidan ya leƙo ya ga ko lafiya. Muka gwada ƙuli, shi in lanƙwasar ta faɗi ba ya komawa wani abu, kuli dai kuli ne. Wannan ya zauna. Saura abin da za a haɗa masa.

Na ce, “Ai shi ke nan. Kulin Batsari.”

Dariyarsa ta ɗauke. Ya buga sunan garin shi kaɗai, ya juyo mini da fuskar kwamfutar. Na bi da ido daga sama har ƙasa. Hari. Sace mutane. Gudun hijira. Ya danna shafi na gaba, haka. Na gaba ma haka. Kai ka ce ba a taɓa ɗaura aure ko haƙar dankali a garin ba.

Ya ce, “Ka gani? In ka sa wannan sunan, labaran nan za su binne ka. Wanda ma ya gan ka, me zai fara zuwa ransa? Wa zai tura kuɗinsa garin da yake karanta wannan a kai?” Sannan ya ce, “Ni ɗan Runka ne ta ƙasar Safana, ka sani. Yanzu in na je taro a birni aka tambaye ni daga ina, Katsina kawai nake cewa. Na gaji da kallon da ake yi mini.”

Ban taɓa jin ya faɗi haka ba. Na ce to a sa Katsina ɗin. Muka duba, wani ya riga mu kama sunan, bai ma yi komai da shi ba, ya dai ajiye. Sauran da aka ba mu zaɓi duk sai an cusa lamba ko ɗan layi a tsakani, irin wanda in kana faɗa a waya sai ka yi ta bayani. Kuma da muka buga kuli da Katsina, manyan 'yan kasuwar birni ne suka cika wurin, masu kwalaye da tambari. Ina Inna za ta kutsa a nan? La'asar ta yi, na kama hanya don kada yamma ta same ni a daji, ba mu tsayar da komai ba.

Da na ba Inna labari, cewa ta yi, “Ku sa ko sunan akuya ne, ni dai a saya.”

Bayan 'yan kwanaki, ina shan koko da safe, yayana ya bugo daga Legas, inda yake sayar da kayan gwari. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, “Lafiya kuke kuwa? Na ga an rubuta wani abu ya faru ta wajen ku.” Na ce lafiya lau, can gaba ne. Sai na tambaye shi, wai shi ina yake jin labari tun kafin mu da ke ciki mu ji?

Ya ce, “Kai ma dai. Ina idar da sallar asuba sunan garin nake fara bugawa a waya. Ba ni kaɗai ba, duk 'yan garinmu da ke nan haka suke yi. Ka tambayi na Fatakwal ma ka ji.”

Na miƙe tsaye ban sani ba, kokon ya kife a kan wandona. Yayana yana ta magana, ni kuwa hankalina ya bar wurin. Muna ta tunanin baƙo, wanda zai ga sunan ya tsorata. Ashe akwai mutanen da kullum sunan nan suke nema da hannunsu, kuma su ne suka san daɗin ƙulin gida, su ne kewarsa ke damu.

Nan take na kira abokina na zayyana masa. Ya bari na gama ya ce, “Mai neman labarin hari ba ƙuli yake nema ba, Malam.”

Na ce, “Amma ɗan Batsari ne, kuma yana da baki.”

Ya ce, “Wannan ba hujja ba ce, son gida ne.”

Na ce, “Na ji. A sa.”

Ya yi tsaki ya ce, “Kanka ake ji. Kada dai ka zo kana mini kuka.” Kafin azahar ya turo mini saƙo cewa ya kama sunan.

Ranar da shafin ya tashi, wallahi kamar an yi mini haihuwa, rago kawai ya rage in yanka. Na buga adireshin a wayata ya buɗe, na rufe na sake bugawa don in ga ya sake buɗewa. Na nuna wa hedimasta. Na nuna wa malamai ɗaya bayan ɗaya, har suka fara sauya hanya in sun hango ni. Na nuna wa mai faci. Na kawo wa Inna, ta karɓi wayar ta nisanta ta da ido, ta daɗe tana kallon hoton hannuwanta suna murza ƙuli. Na zaci za ta sa albarka. Sai ta ce, “Ka rasa lokacin ɗauka sai da hannuna ya yi dumu-dumu da mai?”

Daga nan sai jira. Kullum in buga sunan garin a injin bincike in yi ta gangarawa ina neman kanmu. Abokina ya ce suna kaɗai ba ya kai mutum sama, sai an riƙa zuba bayani, injin ya saba da kai kamar yadda unguwa take sabawa da sabon maƙwabci. Na zauna na rubuta yadda ake zaɓen gyaɗar Karare, yadda ake soya ta, yadda ake matse mai, na sa hoton kasuwa da na kaskon Inna, muka sa wurin da mutum zai bar saƙo. A hankali muka fara bayyana, amma can ƙasa, inda sai mai haƙuri yake kaiwa. Mai saye ko ɗaya. Abokina bai ce ai na faɗa maka ba, amma yadda yake tambayata “Ya kasuwa?” ya ishe ni.

Sai kuma aka katse sabis ɗin waya a yankinmu baki ɗaya saboda matsalar tsaro. Wanda ya zauna a nan lokacin ya san yadda abin ya kasance. Waya ta koma tocila. Ba kira, ba saƙo, ba ka san halin da na Safana yake ciki ba balle na Legas. Na ce shi ke nan, shafi ya mutu tun bai yi rarrafe ba. Gero ya nuna, ana ta yanka, ni kuwa ina ganin Inna ta fara wanke tsofaffin buhunanta tana shanyawa.

Da abin ya yi tsawo, dole ta sa na shiga mota zuwa Katsina don in ciro albashi. Muna cike maƙil, kowa ya yi jugum. Muna kusantar birni sai wayar wani ta yi ƙara, sai ta wani, sai motar ta rikice gaba ɗaya, kowa yana “Alo! Alo! Muna nan lafiya!” Tawa kuwa ta kama rawa a aljihu ta ƙi tsayawa. Na zaci yayana ne. Da na duba, daga shafin ne. Saƙonni, wani bisa wani.

Na farko wata mata ce daga Fatakwal. Bayan sallama ta ce tana ta neman labarin gida ne, ta karanta duk abin da ta samu har ta gangaro kanmu, ta ga hoton kasuwarmu ta fashe da kuka. Ta ce don girman Allah in muna cikin garin, mahaifinta tsoho ne, tela, yana bayan kasuwa, tun da aka katse waya ba ta ji ɗuriyarsa ba. A duba mata shi. A ƙarshe ta ƙara da cewa, “Ƙulin ma ina so.”

Na biyu ɗalibi ne a Zariya yana tambayar mahaifiyarsa. Na uku direba ne a Ibadan. Haka suka yi ta zuwa. Mutanen da ba su da hanyar kiran gida sun yi ta buga sunan garin, suna bin shafi bayan shafi har ƙarshe, wurin da a da ba mai zuwa. A can ƙasan suka same mu, mu kaɗai ne ba labarin mutuwa muke bayarwa ba, kuma akwai wurin barin saƙo.

Na sauka a tasha ina dariya, idona yana kawo ruwa. Na danna lambar abokina don in yi masa ihu, sai na tuna yana Safana, ba sabis. Na rasa wanda zan faɗa wa. Ƙarshe wani mai sayar da rake na tare na kwashe labarin kaf na ba shi. Ya saurare ni tsaf, ya ce, “Allah ya sa alheri, Alhaji. Na nawa za a yanka?”

Da na dawo gida na zaunar da Inna na karanta mata. Tun ban kai rabi ba ta miƙe ta ɗauki mayafinta. Ta ce, “To me muke jira? Mutane na can hankalinsu a tashe.” Ita ba 'yar cikin gari ba ce, amma matan da suke sana'a tare sun san kowane lungu, wannan ta nuna mana gida, waccan ta haɗa mu da wata. Muka sami tsohon tela a kan kekensa. Bayan doguwar gaisuwa na faɗa masa abin da ya kawo mu, na ce ya yi magana in ɗauki muryarsa a waya in kai birni in tura mata. Ya gyara hula kamar tana ganinsa, ya matso da bakinsa ya ce, “Ke, ki kwantar da hankalinki. Ina nan ina cin tuwo. Ki gai da yaran. Kuma maganin ƙafar nan ya ƙare.”

Ba kowane gida muka fito da dariya ba. Akwai wanda muka tarar ana zaman makoki, aka roƙe ni in isar. Wannan kiran shi ne mafi nauyi da na taɓa yi, har yau ba na son tuna shi.

Daga nan abin ya zama aiki. Duk ƙarshen mako in shiga motar Katsina da buhun ƙuli da galan ɗin mai a bayan mota, da muryoyin iyaye a waya. In tura saƙonni, in ba direbobin Kano da Kaduna da kudu kaya, in kwaso sababbin saƙonni in dawo. Wanda aka duba masa uwa, in zai yi godiya sai ya ce a haɗo masa da ƙuli, ya kuma faɗa wa na kusa da shi. Kaskon Inna ya daina hucewa. Ta jawo maƙwabtanmu mata, masu gudun hijira irinta, wannan na ɓara, waccan na suya, gidan ya cika da hayaƙi da hayaniya.

Ana haka abokina ya zo duba ni. Na miƙa masa wayar. Ya karanta, ya karanta, ya cire tabarau ya goge. Can ya ce, “In ka koma birni, ka ƙara layi ɗaya a shafin. Ka ce na Safana da Runka ma su aiko, ni zan je musu.” Ya ɗauki ƙuli ya gatsa, ya ƙara da cewa, “Amma a ƙa'ida dai ni ke da gaskiya.”

Da aka dawo da sabis, saƙonnin cigiya suka tsaya, kowa ya koma kiran nasa. Na ƙuli kuwa ba su tsaya ba. Kaka ta wuce, rani ya shiga, Inna ba ta ƙara tayar da maganar komawa ba, ni ma ban kuskura na tuna mata ba.

In na waiwaya yanzu, ina ganin abokina bai yi ƙarya ba. Duk abin da ya koya mini a kan tabarmar nan haka yake: gajeren suna, mai sauƙin rubutawa, wanda ba ya rikiɗa in lanƙwasa ta faɗi, sannan a yi ta zuba bayani ana haƙuri. Kuma ba zan ce dabarata ce ta yi komai ba, da ba a shiga wancan hali ba wataƙila da har yau muna can ƙasa ba wanda ya gan mu. Abin da na ƙaru da shi dai shi ne, kafin ka tambayi wace kalma ce ta fi kyau, ka tambayi wane ne zai buga ta, kuma me ke ransa lokacin da yake bugawa. Mu mun ɓata yini guda muna tsoron baƙon da ba zai taɓa neman mu ba, alhali namu suna can suna nema.

Yau yawancin masu sayen ƙulin Inna waya suke bugo mata kai tsaye, sun san ta ta san su, har faɗa take yi musu in sun daɗe ba su zo gida ba. Shafin kusan ba ya aikin komai. Duk shekara in lokacin sabunta sunan ya zo, abokina sai ya ce in bar shi ya tafi haka nan, ya gama amfaninsa. Ni kuwa sai in ce to, in juya in sabunta. Ko mutum ɗaya ne ya rage yana neman garinmu a waya gabansa na faɗuwa, ina so in ya gangaro ya tarar da mu muna suya.